Makunnin yanke wuta a kicin: ina ya kamata ya zauna, kuma wace waya ce za ta ɗauki murhu?

Tambaya: Ina haɗa sabon kicin irin wanda ake cusa komai cikin kabad: oben, murhun lantarki na saman kanta, firji, injin wanke kwanuka, maikurowef da mazuƙin hayaƙi. Kafinta ya ce a ɓoye duk soket-soket a bayan na'urorin don bango ya fito tas. Mai wayarin kuma ya kafe sai an yi wa kowace na'ura makunninta a fili. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Sannan ko zan iya haɗa oben da murhu a layi ɗaya?

Amsa: Malam, mai wayarin ɗinka ne da gaskiya, ka riƙe shi da kyau. Shi ma kafintan ba mugun nufi gare shi ba, idonsa na kan kyan aiki ne, kuma akwai yadda za a yi bango ya fito tas ba tare da an binne makunni a inda hannu ba ya kaiwa ba. Amma idan har sai an zaɓi ɗaya tsakanin kyau da sauƙin yanke wuta, ni dai na san wanda zan zaɓa wa gidana.

Ka dubi bambancin da ke tsakanin na'urar da aka ajiye a fili da wadda aka cusa cikin kabad. Butar lantarki ko abin markaɗe, da sun fara wari sai ka fizge filogi, magana ta ƙare. Oben ɗin da ke cikin kabad kuwa an ɗaure shi da sukuru a jikin katako, yana da nauyi, kuma yana iya kasancewa da zafin da ba ya taɓuwa. Injin wanke kwanuka ya fi shi wahalar fitarwa: an manna masa ƙofar katako a gaba, an tokare ƙafafunsa da allon ƙasa, ga tiyon ruwa biyu a bayansa, na shiga da na fita. Ranar da hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashinsa, wanda ke tsaye a kicin ɗin ba mai gyaran wuta ba ne. Uwargida ce, ko yarinyar da aka bar wa girki, ko dattijon da ya shigo shan ruwa. Ba su da sukundireba a hannu, ba su da minti ashirin. Abin da suke da shi hannu ɗaya ne da daƙiƙa kaɗan. Domin wannan hannun ake sa makunnin yanke wuta. Duk sauran bayanin da zan yi maka daga nan ya taso.

Su kansu masu ƙera kayan haka suka shar'anta. Ka buɗe littafin oben ko na murhun da ka saya, za ka tarar da jimla mai cewa idan ba a kai ga filogi bayan an girka na'urar, dole a sa abin yanke wuta a cikin wayarin na bango, wanda zai raba dukkan wayoyin da ke kawo wuta, kuma galibi sukan ce ratar da ke tsakanin bakunan makunnin idan an kashe kada ta gaza milimita 3. Wannan sharaɗi ya samo asali ne daga ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kayan lantarkin gida mai lamba IEC 60335. Dokokin wayarin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Ingila na bin BS 7671, Faransa na bin NF C 15-100, Amurka na da nata kundin da ake kira NEC. Wasu dokokin sukan yarda birekar da ke akwatin rabon wuta, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa idan wuta ta yi yawa, ta wadatar a matsayin abin yankewa. Amma ka tambayi kanka: akwatin nan yana ina? Wa ya san wace bireka ce ta oben a cikin goma sha biyun da ke jere? Abin da doka ta ƙyale daban, abin da zai amfani mutum a lokacin ruɗewa daban.

Kada kuma a ruɗe ka da maɓallin da ke jikin na'urar. Idan ka taɓa gilashin murhu ya mutu, ba wutar ka yanke ba, umarni kawai ka ba shi ya yi barci. Wuta na nan a cikinsa har zuwa allon da ke sarrafa shi, shi ya sa ma yake jin yatsarka idan ka sake taɓawa. Haka agogon oben ke ci gaba da haske dare da rana. Idan matsalar a wurin haɗin waya take, ko a cikin wannan allon, danna maɓallin gaba ba zai tsinana komai ba.

Makunnin da ya dace shi ne mai yanke waya biyu lokaci guda, layif mai kawo wuta da nutural mai mayar da ita, ya bar wayar ƙasa, wadda masu aiki ke kira atin, a haɗe har abada. Wayar ƙasa ba a taɓa bi da ita ta makunni ko fis. Mutane kan ce ai nutural ba ta da wuta, me ya sa za a yanke ta? Dalili uku ne. Na farko, ana samun gidajen da aka juya waya bisa kuskure, layif ta koma mazaunin nutural. A irin wannan gida makunni mai yanke waya ɗaya zai kashe na'urar amma ya bar cikinta cike da wuta. Na biyu, idan gida na komawa kan janareto ko inbata, ba kullum nutural ke zama daidai da ƙasa ba, ya danganta da yadda aka haɗa su. Na uku shi ne wanda za ka fi cin moriyarsa. Idan ruwa ya shiga injin wanke kwanuka ya haɗa nutural da jikin ƙarfe, na'urar kariya ta RCD, wadda ke yanke wuta idan ta ga tana yoyo, za ta riƙa faɗuwa tana ɗauke wutar sashen gidan gaba ɗaya, kuma ko ka kashe makunni mai waya ɗaya ba za ta tsaya ba, domin ta nutural ɗin laifin ke bi. Da makunni mai waya biyu kuwa, dannawa ɗaya ka ware mai laifin, ka mayar da wuta, firji ya ci gaba da aikinsa har mai gyara ya zo.

To, a ina za a sa shi? Littafin jagora na masu wayarin a Ingila ya ba da shawarar kada makunnin murhu ya wuce nisan mita 2 daga murhun, kuma kada ya zauna kai tsaye a samansa. Hikimar a bayyane take: ranar da mai ya kama da wuta a kasko, ba ka so ka miƙa hannu ta cikin harshen wuta kafin ka kashe. A gefe ake sa shi, inda za ka tsaya nesa da zafi ka kai hannu. Abin da aka saba kuma shi ne a bar aƙalla milimita 300 tsakanin bakin wurin wanke-wanke da kowane soket ko makunni, a kuma ɗaga su kamar milimita 150 daga saman kanta, don kada ruwan da ya malala ya same su, kada kuma wayar filogi ta lanƙwashe da ƙarfi.

Hanya uku ake bi a sasanta kafinta da mai wayarin. Ta farko, kowace na'ura da makunninta a bangon da ke saman kanta, daidai saitin inda take. Ita ce mafi sauƙin ganewa, amma bango kan cika da farare-fararen faifai. Ta biyu, a tara makunnan duka a faifai ɗaya, kowane da sunansa a rubuce: firji, oben, injin wanke kwanuka, mazuƙin hayaƙi. A kafa shi kusa da ƙofa ko a ƙarshen kanta. Wannan ita na fi so, domin baƙo ma da ya shigo zai iya karantawa ya kashe abin da ya dace, kuma tayil ɗinka ya tsira. Sai dai ka sani ƙananan makunnan da ake jerawa a irin wannan faifai galibi amfiya 20 suke ɗauka (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke wucewa), don haka babban murhu ba ya shiga cikinsu, nasa daban ne mai amfiya 45. Hanya ta uku ita ce a sa makunni cikin kabad ɗin da ke maƙwabtaka da na'urar. Na yarda da ita bisa sharaɗi: ya kasance a gaba-gaba, kusa da ƙofar kabad, a sama, ba can ƙurya ba inda wata shida kaɗai za a yi tukwane su rufe shi. A kafa shi a jikin abu mai ƙarfi, ba a siririn falankin bayan kabad ba, kuma kowa a gidan ya san da zamansa. Kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke shi ne na ƙarshe da zan zaɓa, domin duk mahaɗar fanfo wata rana sai ta yi ɗigo. Idan babu makawa, to a sama can, nesa da bututu da mahaɗansa.

Akwai wani ƙaramin abu da kan ba mutane wahala daga baya, wato inda fis ya ɓuya. A tsarin filogi mai ƙafa uku irin na Ingila, kowane filogi na da fis a cikinsa. Idan soket na bayan injin wanke kwanuka, ranar da fis ya ƙone sai an ciro injin gaba ɗaya kafin a canza abin da bai kai ɗan yatsa ba. Shi ya sa ya fi kyau soket ɗin ya zauna a kabad na gefe, a huda rami a zuro wayar, ko kuma a yi amfani da makunni mai fis a jikinsa a saman kanta, daga nan waya ta sauka zuwa faifan haɗi a bayan na'urar. Kafin a yanke filogin da na'ura ta zo da shi, a duba littafinta tukuna, domin wasu kamfanoni ba su yarda da hakan ba. Soket a bayan na'ura na da wani aibin kuma: filogi na cin wuri, na'urar ta ƙi shiga daidai, sai mai girkawa ya sa gwiwa ya tura ta da ƙarfi.

Na taɓa ganin ƙarshen irin wannan turawa. An kira ni wani gida saboda wani ƙarni kamar na kifi da ke tashi a kicin duk lokacin da aka kunna oben, an wanke ko'ina bai tafi ba. Wanda ya daɗe a aikin nan ya san wannan ƙarni, robar soket ce ke dahuwa. Da muka kwance sukurori huɗu muka zaro oben ɗin, sai ga filogi a matse tsakanin bayan oben da bango. Gefen ƙafar layif ya narke ya koma ruwan ƙasa, fuskar soket ta tsage, falankin da ke kusa ya yi baƙin tabo kamar faɗin tafin hannu, na sa farce sai ga gawayi yana zubowa. Bireka ba ta taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya, kuma ba laifinta ba ne, domin wutar da ke wucewa ba ta haura ƙima ba. Babu makunni ko ɗaya a fili. Matar gidan ta tsaya tana kallon tabon nan ba ta ce uffan ba, can sai ta ce ɗakin yaranta ne a bayan bangon. Har yau idan ana gardamar kyan bango, fuskarta nake tunawa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Kafin a ce e ko a'a, sai an yi lissafi, kuma lissafin ba shi da wuya. A jikin kowace na'ura akwai ɗan faifai da aka rubuta ƙarfinta da wat ko kilowat; na oben galibi a bakin ƙofa yake idan ka buɗe, na murhu a ƙarƙashinsa. Ka raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya. A wuta mai bolt 230, oben mai wat 3,000 na jan amfiya 13, wato daidai iyakar abin da filogi mai fis ke iya ɗauka. Oben mai wat 3,600 na jan kusan amfiya 16, ya fi ƙarfin filogi, shi ya sa irinsa kan zo da waya tsirara ba filogi, kuma kuskure ne babba a ɗaura masa. Murhu mai ido huɗu irin na maganaɗisu kan kai wat 7,200 zuwa 7,400, amfiya 31 zuwa 32 ke nan. Wannan ba ya kusantar soket ko kaɗan, layinsa daban yake tun daga akwatin rabon wuta.

Idan ka tara murhu mai wat 7,200 da oben mai wat 3,000, ka sami 10,200, wato amfiya 44 da ɗoriya. A ido sai ka ce layi mai bireka 32 ba zai ɗauka ba. Amma kayan girki ba sa jan cikakken ƙarfinsu gaba ɗaya na dogon lokaci. Oben na kaiwa zafin da aka saita sai ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, idanun murhu ma haka. Don haka masu wayarin a Ingila ke da wata tsohuwar ƙa'ida ta girkin gida: a ɗauki amfiya 10 na farko cif, a ƙara kashi 30 cikin ɗari na abin da ya rage, a ƙara amfiya 5 idan makunnin murhun na da soket a jikinsa. A lissafinmu, 10 ne da kashi 30 na 34, wato kusan 10, jimla amfiya 20 da 'yan kai. Da soket ya zama 25. Ka ga ke nan layi mai amfiya 32 ya ɗauke su. Littafin jagorar nasu ma ya ce irin wannan layi kan wadatar da kayan girkin gida har zuwa kilowat 15, kuma makunni ɗaya na iya riƙe na'ura biyu idan a ɗaki ɗaya suke, kowace ba ta wuce mita 2 daga gare shi ba.

Amsar dai ita ce ana iyawa, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, ka duba abin da littafin oben ya ce game da kariyarsa. Idan ya ce a kare shi da abin da bai wuce amfiya 16 ba, to ba a rataya shi kai tsaye a bayan bireka 32. Ko dai a ba shi layinsa, ko, idan bai wuce wat 3,000 ba, a bi da shi ta makunni mai fis 13. Na biyu, wancan rangwamen lissafi na gida ne mai girki irin na iyali. Inda ake girki na sayarwa, ko gida mai yawan jama'a da idanu huɗu ke ci sa'o'i a jere, ba na dogara da shi. Kai kuma da kake kan gini, bango a buɗe, ba a yi filasta ba, shawarata ka ja layi biyu: amfiya 32 na murhu, 16 ko 20 na oben. Tun ran gini ran zane. Ranar da ɗaya ya lalace, ɗayan na aiki, kuma idan ka sauya murhu da wanda ya fi shi ƙarfi nan gaba, ba sai an fasa tayil ba.

Maganar kaurin waya kuwa, nan ne aka fi cutar masu gida, domin da an rufe bango ba mai sake gani. Lambar da ake kiran waya da ita, 2.5 ko 4 ko 6 ko 10, faɗin bakin jan ƙarfen ne a murabba'in milimita. A jadawalin BS 7671, waya mai rufin roba irin ta gida idan an kafa ta a fili a jikin bango, mai 2.5 na ɗaukar amfiya 27, mai 4 na ɗaukar 37, mai 6 na ɗaukar 47, mai 10 kuma 64. Waɗannan lambobi na wayar da ke shan iska ne. Da zarar an zura ta cikin bututu tare da wasu, ko ta ratsa cikin abin tare zafi na rufi, ko ɗakin ya kasance mai tsananin zafi, ƙarfinta ya ragu, wani lokaci har zuwa rabi. Shi ya sa aka saba ba layin murhu mai amfiya 32 waya 6, a koma 10 idan tafiyar da nisa ko murhun babba ne. Ka riƙe wannan: bireka waya take karewa. Idan tana yawan faɗuwa aka cire ta aka sa babba ba tare da an sauya waya ba, an mayar da wayar ita ce fis, kuma a cikin bango za ta ƙone. Ka kuma sa a kankare bakin wayar da aka sayo a gabanka. Idan jan ya kankaru fari ya bayyana a ciki, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari kawai take kai wuta idan an gwada ta da jan ƙarfe mai kauri ɗaya. Ba ta da wuri a layin murhu.

Wurin da na fi so mai wayarin ya natsu shi ne ƙarƙashin murhun kansa. Idan ka kifa shi a kan kwali ka buɗe ɗan murfin da ke baya, za ka ga sukurori biyar ko shida a jere, da zane a gefensu, da wasu 'yan gadoji na jan ƙarfe masu kamar ƙaramin takalmin doki, wani lokaci a maƙale cikin murfin. Dalilinsu shi ne murhu ɗaya ake ƙerawa a sayar a ƙasashe da yawa. A Jamus, misali, an saba kawo wa murhu wuta mai layi uku, bolt 400 tsakanin layi da layi, kowane da bireka 16, da waya mai jijiya biyar. A gidan da ke da layi ɗaya kuwa, sai an sa gadojin nan sun haɗe bakunan layif wuri ɗaya, na nutural ma haka, daidai yadda zanen ya nuna. Idan aka manta gada ɗaya, rabin murhu zai ƙi kamawa, a yi ta zargin kamfani. Idan kuma aka kai layi na biyu inda nutural ya kamata ta shiga, bolt 400 ya faɗa kan allon da aka yi don 230, murhun ya tafi ke nan tun ba a ɗora masa tukunya ba. Kayan da aka ƙera don Amurka kuma wani tsarin ne daban, bolt 120 da 240 a haɗe, launin wayoyinsu ma daban. Kada a yi musu haɗi da ka. A tsarin Turai na yanzu, ruwan ƙasa ce layif, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ta ƙasa. Tsofaffin gidaje masu bin tsarin Ingila na da ja da baƙa. Launi dai shaida ce kawai ta abin da ya kamata, abin awon wuta ne ke faɗin abin da yake.

Daga makunni, waya kan sauka cikin bango zuwa faifan haɗi a bayan kabad, daga nan a ɗauka da waya mai laushi zuwa na'urar. Wannan guntuwar waya ta zama mai jure zafi, irin wadda littafin ya ambata. Za ka ga lamba kamar H05V2V2-F. Robar waya ta gama-gari iyakarta digiri 70, bayan oben kuwa ba wurin wasa ba ne. A bar mata tsawon da za a iya zaro oben a ajiye a ƙasa ba tare da an fizge ta ba, kada kuma ta kwanta a jikin ƙarfen da ke zafi ko aljihun kabad ya riƙa gugar ta. A ɗaure rigar wayar da maƙallinta don kada nauyi ya koma kan sukurori. Wayar ƙasa a bar ta ta fi sauran tsawo kaɗan, yadda ko an fizgi wayar ita ce za ta saki a ƙarshe.

Sai ɗaurin sukuru, wanda ake rainawa alhali shi ke haddasa irin abin da na gani a gidan can. Haɗin da bai ɗauru ba yana tare wuta, abin da ya tare kuma zafi yake zama. Zafin na ƙaruwa ne da ninkin amfiya a kanta. Haɗi mai turjiyar kashi ɗaya cikin goma na om kacal (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta), idan amfiya 13 na bi ta kansa, yana fitar da zafin wat 17 a wuri kamar ƙwayar wake. Idan amfiya 30 ne, wat 90 ke nan, a cikin akwatin roba, a bayan katako. Zafi na sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke, haɗin ya ƙara saki, zafin ya ƙaru. Don haka babu murɗa waya da waya a naɗe da salatif a layin kicin. Kowane haɗi a cikin akwatinsa, a ɗaure tam, a ja wayar da hannu a tabbatar ba ta motsi.

Makunni ba ya kare mutum daga jan wuta. Wannan aikin wayar ƙasa ne da RCD. Kusan duk kayan nan jikinsu ƙarfe ne, ga ruwa, ga hannu a jiƙe. Idan layif ta taɓa jikin oben, wayar ƙasa ce ke kwashe wutar har kariya ta faɗi. RCD mai miliamfiya 30 kuwa tana auna abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural, da ta ga giɓi sai ta yanke cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Ga murhun maganaɗisu da injuna masu inbata a ciki, a nemi RCD nau'in A, domin tsohon nau'in AC ba a yi shi don irin yoyon wutar da waɗannan ke iya fitarwa ba. Na fi son kowane layin kicin ya sami tasa kariyar, irin birekar da ta haɗa aiki biyu da ake kira RCBO, musamman firji, don kada laifin wata na'ura ya kashe shi kuna tafiya. Wani abu kuma: oben da ya daɗe a ajiye yakan faɗar da RCD a kunnawar farko, saboda garin da ke cikin ƙarfen zafinsa na shan danshi. Maganinsa a auna a gano, a busar ko a sauya ƙarfen. Duk wanda ya ce maka a cire wayar ƙasa don faɗuwar ta tsaya, ka sallame shi a ranar.

Sauran kayan ba su da wahala. Injin wanke kwanuka kan ja wajen wat 2,000, maikurowef ƙasa da haka, firji da mazuƙin hayaƙi kaɗan suke ci. Kowane dai da makunninsa, fis kuma daidai da abin da littafinsa ya ce, kada a tara su a kan soket mai jela a bayan kabad. A bar wa firji da oben da murhu ramukan shan iskar da aka zana musu. Kafinta kan so ya toshe su don kyau.

Ka gaya wa mai wayarin ya bi da wayoyin bango a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe daga kowane soket da makunni, ban da karkata. Kicin ne ɗakin da aka fi huda wa bango, kuma kafinta zai zo da na'urar huji ya rataya kabad na sama; idan waya ta bi ta inda ba a zato, sukurunsa zai same ta. Kafin a yi filasta, ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka ta hannu, da awo a jiki, ka adana.

Idan an gama, kada ka karɓi aiki da cewa ai ga shi ya kama. A auna a gabanka: wayar ƙasa ta isa jikin kowace na'ura, rufin wayoyi ba ya yoyo, layif da nutural ba su juya ba, RCD na faɗuwa a kan lokaci. A rubuta sakamakon a ba ka, a kuma rubuta sunan kowace bireka a akwati. Ranar gyara kuma, kashe makunnin bango bai isa a sa hannu ba. A kashe bireka, a kulle ta ko a manna gargaɗi, a gwada abin awo a inda aka san akwai wuta, a auna wurin aikin, a sake gwada abin awon. Testa mai ɗan haske a gindi ba abin dogaro ba ce a nan. Haɗa layin murhu da taɓa akwatin rabon wuta aikin ƙwararre ne mai izini, ba na koyo a kai ba.

Abin da za ka yi a makon nan shi ne ka samo littattafan na'urorin shida, ko da ba ka ɗauko kayan ba tukuna, ka tara kafinta da mai wayarin a cikin kicin ɗin rana ɗaya, da alli a hannu. Kafinta ya zana inda kowane kabad zai tsaya da tsayin kanta, mai wayarin ya zana makunnai da hanyar waya a kan wannan zanen. Sannan ka kira wadda za ta fi kowa amfani da kicin ɗin ta tsaya a gaban inda murhu zai zauna, ta miƙa hannu zuwa inda aka zana makunninsa. Idan sai ta yi ɗage, ko ta ratsa ta saman murhu, a goge a sake zanawa.